Shekarar da Sani Ya Tsallake Ni

Tun kuna ƙanana kuke jin mutanen garinmu suna kiran baffanku Sani da Babban Gida, ni kuwa in na je sai a ce ga Malam Auwalu na birni ya zo. Har akwai ranar da ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba, ya tambaye ni wai da shekara nawa Baffa ya girme ni. Dariya na yi a lokacin, amma tuwon ranar bai yi mini daɗi ba. To bari in gyara muku zancen tun hannuna yana iya riƙe alƙalami. Ni ne ɗan fari a ɗakin Inna, Sani ke bi mini, shekara biyu ce tsakaninmu, sunayen ma sun isa shaida. Kuma ba korata aka yi daga gida ba, kamar yadda wasu ke raɗawa. Da ƙafata na fita, ga kuma yadda abin ya kasance.

Gidanmu yana wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, dab da bakin kanal, babbar hanyar ruwan noman rani. Mahaifinmu, wanda kowa har mu muke kira Malam, makaranta gare shi a zaure, ga gonar rani da ya samu tun lokacin da aka yanka filaye aka sako ruwan madatsar Tiga. Da azumi yakan yi tafsiri bayan la'asar a ƙofar gida, ni ne kuma mai ja masa baƙi, wato in karanta aya shi ya fassara wa jama'a. Tun ina ɗan shekara goma aka ɗora ni a kan buzun da ke gefensa, saboda Allah ya ba ni wata siririyar murya mai zaƙi wadda tsofaffi kan ce tana shiga ƙashi. Malam ba mai gaggawa ba ne, aya ɗaya sai ta ci masa yamma guda, don haka inda muka tsaya bana nan muke ɗorawa baɗi. Ku da kuka tashi a birni kuna hawa cinyata ba za ku gane darajar buzun nan a wurina ba, sai na gaya muku abin da ake nufi da ɗan fari a lokacinmu. Malam bai taɓa kiran sunana ba. In dole ta kama sai ya ce "yaron Iya", domin Iya, kakarmu ta wajen uba, ita ta yaye ni, a ɗakinta na tashi. Inna ma haka, ko kallona ba ta yi a gaban mutane. Alkunya ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma Sani ana kiran sunansa da baki cike, ana yi masa faɗa, ana yabonsa, ana dafa kansa. Ni abin da nake da shi daga mahaifina duk duniya shi ne wannan zama na wata guda a shekara, kafaɗata kusa da tasa.

Shekarar da nake ba ku labari ina da sha biyar, Sani yana da sha uku. Muna zaune lafiya, na fi shi tsawo da ɗan yatsa, sai kawai yaron nan ya tashi kamar dawar da aka zuba wa taki. Wandon da aka ɗinka mana tare da babbar salla, kafin a yanke shinkafa nasa ya koma ƙwauri, nawa kuwa har yanzu sai na naɗe shi a ƙugu. Takalminsa ya matse shi aka ba ni, ku ji fa, wa yana gadon takalmin ƙane. Sai ci, malmala uku yake tashi da ita yana leƙen kwanona. Sai ƙuraje a goshi, sai wani baƙi baƙi a saman leɓe, sai zakaran wuya ya ɓullo masa. Muryarsa ta fara fashewa, in ya yi magana sai ta hau sama ta faɗo ƙasa, yara suna dariya. Ni ban yi dariya ba. Da za a ba ni wannan mummunar muryar a ranar da na karɓa hannu biyu. Har warin hammatarsa na yi kishi, ina shinshina tawa a bayan ɗaki in ji ko ta fara. Fuskata sumul, kafaɗuna kamar na ɗan tsako, kullum ina dudduba kaina a ruwan randa ba abin da ya canza.

Ran nan aka aike mu kasuwar Bunkure sayen irin albasa. Mai irin ya dubi Sani ya auna masa, sannan ya dube ni.

"Samari, wannan ƙanen naka ne? Kai, yana kama da kai kuwa."

"Yayana ne," in ji Sani, yana sunkuyar da kai.

"Ikon Allah. To Allah ya raya shi."

Tun daga kasuwa har gida ban yi masa magana ba, kamar shi ya saka wa mutumin magana a baki.

Abin da ya fi ci mini rai a gona ya faru. Ku ba ku san saifon ba. Wani lanƙwasasshen bututu ne da ake jan ruwa da shi daga ƙaramin kanal zuwa cikin gona. Sai ka tsoma shi cikin ruwa ya cika, ka toshe bakinsa ɗaya da tafin hannu ruf, ka fizgo shi da sauri ka tsallakar da shi gaɓa, sannan ka saki, ruwa ya yi ta bi da kansa. Duk dabarar a tafin hannu take. In iska ta samu kafa ko ta allura ce, ruwan ya koma. Ni na fi Sani sanin yadda ake yi, ni na koya masa ma da baki, amma hannuna ba ya rufe bakin babban saifon. In fizga, ya yi ƙugi, ya zubar. Ranar ruwanmu ta farko a alkamar shekarar, Malam yana tsaye a kan gaɓa, na gwada na sake gwadawa har rigata ta jiƙe sharkaf. Sani ya karɓa ya ɗora wannan faffaɗan hannun nasa da bai daɗe da samu ba, fizga ɗaya ruwa ya taho.

"Madalla, Sani," in ji Malam. "Daga yau ban ruwa naka ne."

Bai tsaya nan ba. Ya yanka masa gayauna a gefen gonar ya shuka tumatirinsa, aka share shagon ƙofar gida aka ce ya koma can, tunda ya zama namiji ba ya kwana a cikin mata. Ni ina nan ɗakin Iya, a kan tabarmata ta kullum kusa da tukunyar daddawarta. Ita ma Iya ba ta raga mini ba. Kun san wasan kaka da jika, tun ina goye take kirana mijinta.

"Ni fa na fasa auren nan," ta ce wata rana muna cin abinci. "Na gaji da jiran miji ya girma. Na koma wurin Sani mai gashin baki."

Kowa ya yi dariya, ni kuwa na tashi na bar kwanon. Da ta ga abin ya taɓa ni da gaske sai hankalinta ya tashi, ta shiga neman dalili. Ta ba ni jiƙe jiƙe, ta sa aka yi mini rubutu na sha, shiru. Can sai ta tuna. Wai akwai ranar da nake kwance a tsakar gida da rani, Sani ya zo da gudu yana bin kaza ya tsallake ni, ita da idonta ta gani ta manta ba ta sa ya warware ba. A garinmu kowa ya san in aka tsallake yaro ba ya tsawo, sai wanda ya tsallake shi ya sake tsallakowa ta inda ya fito. Na san Malam yana kiran irin wannan camfi. Ni ma ɗalibi ne, na san ba shi cikin littafi. Amma da Iya ta ce mini ƙasa zan ci in yi tsawo, da na tambaye ta wace iri.

Ta jira ranar da Malam ya tafi Kura gaisuwar mutuwa. Da hantsi ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta ce in kwanta, ta aika aka kira Sani daga gona. Ya shigo ƙafarsa duk taɓo, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Iya, ni fa ba zan iya ba. Yaya ne fa."

"Da ka iya a farko wa ya aike ka? Tsallaka, ta nan ɓangaren, da ƙafar dama."

Ina kwance rigingine ina kallon sama, sai ga ƙafarsa ta gifta ta kan fuskata. Ko a wannan halin abin da idona ya kama shi ne gashin da ya fito masa a ƙwauri. Yana tsakiyar tsallakawa dariya ta ƙwace masa da wannan fasasshiyar muryar, ashe ɗaliban Malam sun yi cincirindo a bakin zaure suna leƙe. Kafin azahar duk unguwa ta ji. Kafin sati sunana ya koma Tsallakau, har 'yan matan da ke tallar dafaffiyar gyaɗa a bakin kanal sun iya shi. Malam da ya dawo ya ji labari ya yi wa Iya magana a hankali, ya yi wa ɗalibai tsawa. Ni kuwa ya wuce ta gabana kamar kullum.

Kada ku ɗauka Sani yana cikin daɗi ne zalla, ko da yake a lokacin haka nake gani. Jikin ne ya girma, yaron yana nan ciki. Wata ranar ruwa ya jera saifon ya bar su suna zuba, ya bi yara kamun kifi a magudana, ya shagala. Ruwa ya cika gonarmu ya fasa gaɓa ya kwanta a kan irin albasar maƙwabcinmu. Malam ya yi masa dukan da ba a yi wa ɗan shekara sha uku, yana cewa ƙato da shi, gashin baki a fuska, bai san ciwon kansa ba. Na same shi a bayan rumbu yana kuka da muryar manya, majina har baki. Daɗi na ji, ba zan ɓoye muku ba. Sai bayan shekaru, da na zama malamin kimiyya ina karance karance, na fahimci cewa ɓangaren ƙwaƙwalwa na gaban goshi, wanda ke auna abu ya ce wa mutum dakata, shi ne ke zuwa ƙarshe wajen nuna, sai mutum ya haura ashirin. Wuraren da ke kunna zumuɗi da fushi da jin kunyar idon mutane kuwa tun da wuri suke kamawa. Sani aka ɗora wa hankalin da bai iso ba saboda an ga gashi a leɓensa. Ni ma kuma, da nake ganin na fi shi hankali, wannan wutar ce ke cina, ba abin da zai taka mini burki.

Ana cikin haka Kawu, ƙanen Inna wanda ke aikin jinya a birni, ya zo ganin gida. Ya ji labarin tsallake ya yi dariya har da hawaye, sannan ya dube ni da kyau ya ce zai tafi da ni likita ya gan ni. Likitan wani ɗan gajere ne mai tabarau, abin da ya ɗan kwantar mini da hankali ke nan. Ya auna tsawona, ya lalluba wuyana ko akwai alamar maƙoƙo, ya sa aka ɗebi jinina aka kuma ɗauki hoton ƙashin hannuna. Da muka koma ya ɗaga hoton a haske ya nuna mini wasu 'yan rata a gaɓoɓin yatsu, ya ce ƙashina bai rufe ba, akwai sauran tsawo a gaba. Ya tambayi Kawu ko a dangi akwai wanda ya makara wajen balaga.

"Ga shi a gabanka, likita," in ji Kawu. "Ni sai da na kusa ashirin na san reza."

Likitan ya juyo kaina.

"Ka ga a ƙarƙashin ƙwaƙwalwarka akwai wata 'yar tsoka, ba ta fi ƙwayar wake ba. In lokaci ya yi sai ta saki wani sinadari cikin jini, mu homon muke ce masa. Ya je ya tashi maraina, su ma su saki nasu. Shi ke buɗe murya, ya fito da gashi, ya miƙa ƙashi. Ka ce daga wajen Kura kake? To ai ka san yadda ake sakin ruwa. Wani layin yau, wani sai jibi, amma kowa zai sha."

"Ai ni ne a farkon layi," na ce.

"Wannan ƙofar ba ta san wa da ƙane ba. Lafiyarka ƙalau, ba ka bukatar allura. Jira kawai."

Jira a ina? A garin da ake kirana Tsallakau? A hanyar komawa Kawu ya ce in ina so zai nema mini gurbi a makarantar kwana, in riƙa hutu a wurinsa. Tun kafin ya rufe baki na amsa. Azumi ya matso a lokacin, zafi ya fara, an yanke alkama. Kawu ya sami Malam a zaure da maganar, ni ina durƙushe a bakin ƙofa. Malam ya daɗe yana jan carbi. Da zai yi magana Kawu ya kalla, kamar ba na wurin.

"Karatu ai ba a hana shi. Amma da ka bar yaron Iya ya yi azumi a nan. Saura kaɗan mu rufe tafsirin nan, bana za mu kai Nasi in Allah ya so. In ya so bayan salla sai ka tafi da shi."

Kawu ya ce wannan mai sauƙi ne, gurbin zai jira. Magana ta ƙare ke nan, da na yi shiru. Sai na ji bakina ya buɗe.

"Malam, ai ga Sani nan. Wanda ya isa riƙe gona ai ya isa jan baƙi."

Na san abin da nake nema. So nake ya ɗago ya dube ni ya ce ba Sani yake so ba, ni yake so. Sau ɗaya tak, a gaban Kawu. Carbin ya tsaya a hannunsa, na ga leɓensa ya motsa, amma mutumin da ya shekara sha biyar bai kira sunana ba ba zai fara ranar ba.

"To," ya ce. "Allah ya ba da sa'a."

Da Kawu zai koma na bi shi. Na kuma rantse a raina ba zan taka garin ba sai na fi Sani tsawo. Na yi azumin a birni, in la'asar ta yi sai in riƙa hango Sani a kan buzuna yana kwarara wa mutane wannan muryar tasa, Malam yana cewa madalla. Hutu ya zo na ƙi zuwa, wani hutun ma na kawo dalili. Sai ruwan ya iso layina, kamar yadda likita ya faɗa. Gwiwoyina suka riƙa ciwo, yunwa ba dare ba rana, fushi ba dalili, wando yana ɗagewa. Wata rana a aji malami ya ce in tashi in karanta, muryata ta haye sama ta faɗo, 'yan aji suka fashe da dariya. Ni ma na yi dariya, na fi kowa murna. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa wani abu ne ke tafiya.

Sai da azumi biyu suka wuce ni a waje, ana jibi za a kama na uku na sauka a bakin titi na bi gaɓar kanal da jakata. Sani na fara tararwa a gona. Ya miƙe, muka tsaya muna kallon juna, idona yana saman goshinsa. Shi ya tsaya inda na bar shi, ni na wuce. Na ajiye jaka, na ɗauki babban saifon na tsoma, na ɗora hannu ya rufe ruf, fizga ɗaya ruwa ya taho. Sani ya yi dariya.

"Yaya, ai sai ka karɓi kayanka. Ni da za a ba ni makarantar ma da na fi so."

"Kai da ka haɗa gona da buzu me kake nema kuma?"

"Wane buzu? Ai Malam bai rufe tafsirin ba. Shekarar da ka tafi komawa ya yi Baƙara, ya sa wani babban ɗalibi yana ja masa. Mutane suka yi ta magana, ya ce wurin da aka tsaya akwai mai shi, zai dawo. Alamar tana nan cikin littafin inda kuka bari."

Ban san lokacin da na ɗauki jaka na kama sauri ba. Ga tsawo na samu, ga wurina ba wanda ya hau. Na isa ƙofar gida na daidaita numfashi, na cika ƙirji na yi sallama yadda duk gidan zai ji. Malam yana zaure, kansa a sunkuye a kan littafi. Ya amsa bai ɗago ba.

"Sani, har ka gama ban ruwan?"

"Ni ne, Malam."

Ya ɗago. Ya bi ni da kallo tun daga ƙafa har inda kaina ya kusa taɓa azara. Rabon da ya dube ni ido cikin ido haka ban san shi ba.

"Sake sallamar in ji."

Na sake. Ya sa hannu ya shafa gefen littafin inda wani ɗan zare ya leƙo.

"Muryar ta tafi ke nan," ya ce. "Na san aro ce, lokaci gare ta. Na so a ce da ita muka kai Nasi."

A azumin nan muka rufe tafsirin. Na ja baƙi daidai, ban yi kuskure ko ɗaya ba, matan da ke saurare ta bayan katanga suna tambayar wane ne sabon mai karatun. Malam ya fassara har ƙarshe kansa a sunkuye. Bayan salla na koma makaranta, daga nan aiki ya riƙe ni a birni, Sani kuwa ya zauna da shi har ranar da ya rufe masa ido, shi ya sa gidan ya zama nasa, sunan ma ya zama nasa. Har yau in na ji an ce Babban Gida sai abin ya sosa mini rai, tsufa bai warkar da wannan ba. Amma ku daina cewa an ƙwace mini wani abu. Abin da na yi ta kishi a kansa an ba ni shi cif, murya irin ta Sani, har mahaifina ya ji sallamata bai gane ni ba.